Na Sa Sunan 'Yar Yayata a Labarin Mayya

Gwaggo Asma'u, don girman Allah ki taimake ni, na yi ɓarna da hannuna, na rasa ta inda zan gyara.

Ni malama ce a wata firamare a ƙasar Roni, cikin waɗanda aka ɗauka da gwamnati ta kawo ilimi kyauta. Bara yayata ta rasu, ta bar mini 'yarta Fatu, mai shekara tara. Wata uku ba wanda ya ga haƙorin yarinyar nan. Don in sa ta dariya na ƙago labarin wata 'yar mayya wadda maitar ba ta karɓe ta ba. In ta fita kamun kurwa sai ta kamo ta akuya, ta wuni tana cin dusa. Da uwarta ta ce ta amayo ƙanƙarar maitarta, gyaɗa ce ta zubo. Wallahi ran nan Fatu har da faɗuwa. Ita ta roƙe ni in sa wa mayyar sunanta, in mai da ita bahaguwa irinta, ni kuma sakarya na yarda.

Na rubuta shi a littafi, ina karanta wa 'yan ajina. Kaico! Wai ni 'yar boko, na raina "ga ta nan ga ta nanku", na raina "ƙurunƙus". Na fara shi kamar labarin jarida, rana kaza, a kasuwar Gwiwa da ke nan kusa da mu. Yara suka kai gida. Iyaye suka ji suna, suka ji gari, ga hannun hagu, kuma wai a rubuce yake a littafin malama.

Sai Daudu, ɗan maƙwabcinmu, ya kwanta zazzaɓi, yana sambatu yana kiran Fatu. Ina makaranta mata suka shigo suka ja ta, suka sa ta tsallake shi sau uku. An yi masa allura ya warke, amma su sun ce tsallaken ne. Yanzu ba mai cin tuwo da ita. Shekaranjiya ta tambaye ni ko ita ta cinye uwarta, sai kawai na fashe da kuka. Maigidana ya ce in ƙone littafin, mu kai ta Babura wurin kawunta. Ni ina jin na ci amanar yayata.

Mai Nadama, Roni

'Yata Mai Nadama, share hawayenki. Niyyarki mai kyau ce, kuma labarin ya yi aikinsa, tun da marainiya ta yi dariya. Amma kin yi ganganci. Kakanninmu ba don ado suke buɗe tatsuniya su rufe ta ba, shaida ce ga mai sauraro cewa ƙarya ake yi. Shi ya sa suke kai abin wani gari marar suna. Maita kuwa a wurinmu ba kalmar da ake ɗora wa mai rai ba ce, ko da wasa. Maƙwabtanki sun zalunci yarinya, sai dai tsoron rasa ɗa ne ya ja su.

Maigidanki tausayi ne ya sa shi, amma kada ku kai ta Babura. Za a ce gudu ta yi, kuma sunan zai riga ta isa. Kada ki ƙone littafin, shi ne shaidarki. Ku je wa mai unguwa da liman da hedimasta, a tara iyaye, ki karanta shi daga farko har ƙarshe su ji shirmen da kunnensu. Ki ce ke kika ƙaga, ki rufe da ƙurunƙus. Ba za a daina a rana ɗaya ba, sai kin jure. In za ki ci gaba da rubutu, ki sake wa mayyar suna da gari.

Kafin duk wannan, ki zaunar da Fatu yau, ki ci tuwo kwano ɗaya da ita, ki amsa tambayarta. Ki gaya mata ajali ne ya ɗauki uwarta, ba ita ba, ki maimaita har ta yarda. Allah ya jiƙan yayarki, ya raya Fatu, ya dawo mata da dariyarta.

Gwaggo Asma'u