Bitrus Ya Kwashe Mini 'Yan Wasa

Ƙanena Bello,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, ina iyali, ya aikin mai a Ikko? Mu nan Ƙofar Marke lafiya lau.

Ka ce za ka ja wasanmu na labari can, inda kowa ke zama jarumi guda. To kada ka yanke wa jarumin kowa hukunci da bakinka, kamar yadda nake yi. Malam Bitrus, sabon malamin makaranta, shi ma ya fara jan wasan, ɗan ludo mai ɗigo-ɗigon nan yake ba 'yan wasa su jefa, abin da ya fito shi ke nan. Labarinsa ko gishiri babu, amma duk 'yan wasana sun koma wurinsa. Jiya ni kaɗai kan tabarma, ina jiyo dariyarsu ta katanga.

Gai da Hauwa. Ka sa ni addu'a, ka kuma aiko mini ɗan ludo wanda ya fi nasa kyau.

Yayanka Umaru