Fayil ɗin Baba na Soja

Litinin, 3 ga Maris
Na karɓo fayil ɗin Baba daga ofishin ajiyar takardun soja. Asibiti ne suka nema, saboda ciwon ƙafarsa. Magatakardan ya ce na yi sa'a, gara ta cinye rabin na shekarar. Shafi huɗu kacal.

Talata, 4 ga Maris
Na karanta. Sojan ƙasa, bataliya ta uku. Shekaru: goma sha tara. Ƙarya ce, na lissafa, sha shida gare shi. Nauyi: kilo arba'in da takwas. Ɗaliban ajina ma sun fi haka. Wata ashirin da shida a bakin daga, lokacin yaƙin basasa. Harbi a cinya. Bayan sati bakwai ya koma, "bisa roƙonsa." Mutumin da ban san shi da komai ba sai rediyo da faɗa.

Alhamis, 6 ga Maris
Shafi na uku ya hana ni sakat. An ba shi igiya ɗaya, bayan wata biyar aka cire. Dalili: "ƙin bin umarni." Kwana ashirin da takwas a gadurum, kurkukun soja. Baba? Shi da ko gardama ba a yi masa a gida?

Asabar, 8 ga Maris
Na je wurin Gwaggo, yayarsa. Na tambaye ta zancen shafi na uku. Wai su Baba sun kama mutum uku na ɗaya ɓangaren, suka kulle su a wani ajin makaranta. Hafsansu ya ce Baba ya fita da su bayan gini, ya gama da su. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, sun ɗaga hannu." Ya zauna a bakin ƙofa, bindiga a cinya. An mare shi, an sa masa bindiga a ka, bai tashi ba, har wani babba ya iso ya sa aka kwashe su a mota.
Na tambaye ta wa ya gaya mata. Ta ce, "Kafintan nan da kuke ce wa Kawu, mai zuwa duk shekara. Yana cikin ukun nan. Kai ka zaci ɗan'uwanmu ne?"
Wallahi haka na zata.

Lahadi, 9 ga Maris
Na tambayi Baba. Ya ce, "Wa ya aike ka?" Can ya rage rediyo. "Ba jarumta ba ce. Gwiwata ce ke rawa, shi ya sa na zauna." Ya ƙara muryar rediyon.

Laraba, 12 ga Maris
Ni na kai shi asibiti. Ƙanina ya ce zai kai shi kamar kullum, na ce ai hanyata ce. Ba hanyata ba ce. Tun daga gida yake kushe tuƙina, wai ina taka burki kamar ɗan koyo. Na ci gaba da tuƙi. Da muka iso matakala ya ture hannuna, sai na bi bayansa dab da dab, har sama.