Nauyin da ke Bayan A-kori-kura

Whalley Range, Manchester
Maris, 2014

Zuwa ga ƙanin mijina, Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Rahmatu da yara. Takarda ka gani ko? Laifinka ne. Tun satin jiya, in na kira ka sai ka ce ba ka jina, wai hayaniya ta yi yawa a bayana, alhali ni kaɗai ce.

Landlord ya sayar da gidan da nake haya, za a fasa shi a yi flats na masu hali. An rage mini shift a gidan kula da tsofaffi, hukumar council kuwa sun ce in shiga layin masu neman gida. Ban fi wata biyu da fita takaba ba, ga shi na zama marar matsuguni. Don haka na karɓi tayinka, zan zo in zauna a filin garejinka.

Ka tuna camper ɗin da yayanka ya saya, ɗan ɗakin nan da ake ɗorawa a bayan a-kori-kura, wai za mu je Scotland? Maƙwabta sun taya ni ɗora shi, na miƙa makullin flat, yanzu a cikinsa nake kwana a bayan gida. Sai dai motar ta durƙusa kamar akuya mai ciki, ƙarfe ya kusa taɓa taya. Kai da kake cika baki a Erdington, zo ka nuna gwaninta.

Ka gaida mutan gida.
Matar yayanka, Jamilatu

*

Erdington, Birmingham

Matar Yaya,

Assalamu alaikum. Na dawo lafiya, Rahmatu ta gode da yaji.

Ga abin da na yi ranar Asabar, don ki sani. Na ƙara fallen ƙarfe ɗaya a sifirin na baya, kowane gefe. Na canza shokozoba, na sa tayoyi masu ɗaukar kaya. Amma ki gane, wannan yana ɗaga mota ne kawai. Birki da shasi suna nan yadda aka ƙera su, nauyin da doka ta yarda da shi kuma bai ƙaru ba. Ki kai ta sikelin manyan motoci kafin ki hau babbar hanya, motorway.

Akwai maganar da na kasa yi a gabanki. Ina kwance ƙarƙashin motar da rana tsaka, sai na ji tafiya a cikin camper, sama da kaina. Na ce, "Matar Yaya, ki zauna wuri ɗaya mana, za ki danne ni." Ban rufe baki ba na hango ƙafafunki kina shigowa ta ƙofar gida, kin dawo daga shago da madara. Tafiyar kuma ba ta tsaya ba.

Yaya Sanda ya taɓa ɗora camper ɗin nan a gabana, motar ba ta ko durƙusa ba. Me kika zuba a ciki?

Naki, Habu

*

Whalley Range

Habu,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙo, Allah ya saka da alheri.

Na je sikeli. Baturen da ke wurin ya duba allonsa, ya dube ni, ya ce, "How many have you got in there, love?" Wai mutum nawa na ɗauko a ciki. Na sauke komai a gabansa, tukwane, akwatin littattafan yayanka, har katifa. Muka sake aunawa. Ya ce har yanzu kamar na ɗauko fasinjojin bas ne. Ya leƙa ciki da kansa, ya fito da sauri, bai ƙara yi mini wasa ba.

Ka tambayi abin da na zuba. Kaya ban zuba ba, magana na yi. Inna, mahaifiyarku, ta sha gaya mini yadda ake yi a gidanku: in za a bar gidan da aka yi rasuwa, sai a tsaya a ƙofa a kira mamacin, kada a bar shi cikin baƙi. Ka san a matakalar gidan yayanka ya faɗi ya rasu, wadda kowa ke bi. To, ran da na miƙa makulli na tsaya a gindinta na kira shi.

Sunansa kuwa, ka san ban taɓa faɗa ba. Kunya ta hana ni tun ina amarya, Allah kuma bai ba mu haihuwa ba balle in ce baban wane. In abinci ya sauka sai in ce, "Wanda ke nan, a taso." Sai ya zo yana dariya. Haka na kira shi ran nan: "Wanda ke nan, a taso mu tafi."

Habu, gidan nan ya haura shekara ɗari. Ɗakunansa sun fi na asibitin garinmu yawa. Ban yi tunanin mutum nawa suka ƙare kwanansu a ciki ba. Ashe dukansu suka taso.

Ba sa cutar da ni. Ina jin warin hayaƙin gawayi da jiƙaƙƙen ulu da tabar lofe. A tsakiyarsu kuma akwai ƙamshin man zafin da yake shafa wa gwiwarsa. Tun da ya rasu ban yi barci mai daɗi irin na kwanakin nan ba.

Taka, Jamilatu

*

Erdington

Matar Yaya,

Salam. Yau babu wasa a bakina.

Ni da ke mun je Islamiyya, mun san wanda ya tafi ya tafi, addu'a kawai ke isa gare shi. Amma ni bakanike ne, sikeli ba ya ƙarya. Da wannan nauyin, in babbar mota ta taka birki a gabanki a kan hanyar M6, taki ba za ta tsaya ba. Babu sifirin da zan ƙara ya hana haka. Na binne yayana a ƙasar nan, wallahi ba zan iya binne ki ba.

In kin bi maganar Inna, ki bi ta har ƙarshe. Ki buɗe ƙofar, ki ba su haƙuri, ki ce kowa ya sauka. Sannan ki kira mijinki shi kaɗai, da sunan da aka raɗa masa. Sanda ne, harafi biyar, ba zai ƙona miki harshe ba. Shi mutum ne marar jiki, motar za ta ɗauke ku ku biyu.

Rahmatu ta share miki wuri kusa da famfo. Muna jiranki.

Ƙaninki, Habu

*

Whalley Range

Habu,

Ina gaisuwa. Na yi yadda ka ce, jiya da hantsi.

Na buɗe ƙofa na ba su haƙuri. Motar ta riƙa ɗagowa kaɗan-kaɗan, sifirin yana ƙara, kamar ana sauka ɗaya bayan ɗaya. Magina suna cire tagogin gidan a lokacin, na rasa inda bayin Allah za su nufa. Ƙamshin man zafin shi ne ya fita a ƙarshe.

Sai na tsaya na faɗi sunan. Na faɗa, Habu, da ƙarfi, har wani magini ya waiwayo. Na sake faɗa. Na jira har azahar, motar ba ta motsa ba. Na zauna a bakin ƙofar na yi kukan da ban yi ba ran jana'iza. Ina laifinsa? Bai taɓa jin sunan nan da muryata ba.

Don haka na kira shi yadda ya sani. Ya dawo. Duk sun dawo.

Ba zan bi motorway ba, zan biyo ƙananan hanyoyi a hankali ranar Asabar. In ka ga la'asar ta wuce, kada ka kira waya, ba za ka ji ni ba. Ka ce wa Rahmatu ta ƙara share wurin, ba ni kaɗai ba ce.

Ka yafe mini.
Jamilatu