Manhajar da Ta Ƙi Shiga Rukuni

Daren Talata, Birni

Yau ma mun wuni a ofis muna rarraba manhajojin ma'aikatarmu, masu ajiye bayanai a injinmu gefe guda, waɗanda muke haya a intanet gefe guda. Ɗaya ta gagare mu, ta yi kama da duka biyun. Shef, wato shugabanmu, ya ce, "Mariyama, ke ce babba yanzu, ki yanke."

Da abokiyar aikina Hadiza tana nan, tambaya ɗaya za ta yi: "In rezo ya ɗauke, ba intanet, tana aiki?" Tun da aka mayar da ita Yamai, ofishin ya yi mini faɗi.

Da la'asar rezo ya ɗauke, manhajar ta tsaya cak. Na juya da murna in ce, "Hadiza, ta haya ce!" Sai na ga an jibge kwalaye a kujerarta.