Keken da na bari aminina ya saya, da ƙaryar da na yi wa birki

Assalamu alaikum. Admin a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Jama'ar wannan zaure don Allah ku ba ni shawara, na san mafi yawanku sa'o'in 'ya'yana ne, amma maganar nan ba zan iya kai ta ga tsararrakina ba, don duk sun san mutanen da abin ya shafa.

Ni mutumin Gusau ne, na haura saba'in. Aikin ruwa na yi har na yi ritaya, rijiyoyin burtsatse da famfuna, shi ya kai ni Nijar da Sudan da Ghana, aka kuma tura ni kwas ƙasar Holan ina da sauran ƙuruciya. A can na ga tsoho ɗan tamanin da matarsa kowa a kan kekensa, ba don ba su da mota ba, sai don jini ya gudana. A Maraɗi ma dattijo mai rufin asiri yana hawa keke ba wanda zai waiwaya. Nan kuwa in aka ga mai furfura da mota a gida yana taka feda, sai a fara tambaya ko ya karye ne, ko kuwa kan ya taɓu.

Da korona ta zo aka hana taro, majalisarmu ta ƙofar gida ta watse, na koma daga ɗaki sai tsakar gida. Ina da ciwon suga, likita ya ce min in ban motsa jiki ba zaman ne zai gama da ni kafin cutar ta iso. Sai na sayi keke, kullum bayan gari ya waye in fita, wata rana in bi hanyar Tsafe in juyo, wata rana ta Bungudu. An yi dariya an gaji.

Ina da amini, Alhaji Garba, tun firamare muke tare, tsohon ma'aikacin sakatariya ne. Gajere ne mai jiki, ga hawan jini ga ciwon gwiwa, matarsa ta rasu ba a daɗe ba, babban ɗansa Nasiru kuma ya hana shi fita ko ƙofar gida saboda tsoron cutar. Shi yana ce min Bature, ni ina ce masa Sakatare. Wata safiya ya bugo min waya ya ce, Bature zo ka fidda ni gidan ga kafin in ruɓe, ko keken ne in hau. Na lallashi Nasiru da ƙyar, ya yarda bisa sharaɗi biyu, takunkumi ba ya barin fuskar babansa, kuma sai da hular kwano.

Na kai shi wajen Malam Isiya, mai sayar da kekuna na hannu, mutum mai gaskiya, wajensa na sayi nawa. Abin da na sani game da keken dattijo ba shi da yawa amma na san shi sarai. Ya zama marar sandar nan ta tsakiya, yadda za ka zura ƙafa ta gaba ba sai ka ɗaga ta ta baya ba. Kana zaune a sirdi ƙafarka ta taɓa ƙasa. Sirdi mai faɗi, hannu mai tsayi don kar baya ya ranƙwafa, taya mai kauri saboda hanyoyinmu. Nawa haka yake. Isiya ya jawo wani kore irin wannan, har da kwando a gaba, kamar an auna shi da Garba. Garba ya zagaya shi sau ɗaya ya ce, Bature kai ka zauna da Nasara kunya ta bar idonka, ni in ratsa Tudun Wada bisa keken mata, har da kwando, alayyafo za ni saye? Na ce masa a Holan alƙalai ma irinsa suke hawa, ya ce to a kai ma alƙalan. Ya nuna wani baƙi dogo mai sanda, irin wanda malaman daji ke hawa muna yara, ya ce wanga shi ne keke.

Isiya ya ce, Baba wanga ya fi ƙarfinka, ƙafarka ba ta kai ƙasa. Sau biyu ya faɗa. Ni da na fi kowa sani a wajen, ni na ce a sauke sirdin iyakar saukarsa, zai saba. Na ga yadda idon Garba ya yi haske ne, rabon da in ga haka tun rasuwar matarsa, sai na kasa hana shi. Laifina na farko ke nan.

Bai saba ba. Tuƙi ya iya, sauka ce matsala. Sai ya sami dutse ko bakin kwalbati ya dafa ƙafa, ko kuwa in riga shi tsayawa in riƙe masa kan keken ya sauko a hankali, ga shi ya ƙi rabuwa da doguwar riga, ya ce wandon 'yan ƙwallo sai ni. Duk da haka mun yi makonni masu daɗi. Jininsa ya sauka, ya dawo da tsokanarsa, in mun kai gangara har waƙar makaranta yake yi cikin takunkumi. Ni kuma na ɗaure wayata a hannun keke, tana zana mana hanyar da muka bi da nisan da muka yi, in mun dawo ya ce in nuna wa Nasiru.

Ranar da abin ya faru mun wuce Bungudu, na ce mu ratsa wata hanyar ƙasa mu duba gonata, gero ya fara fitar da kai. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Abin da ban sani ba, kwana kaɗan kafin nan ɓarayin daji sun shiga musu sun kashe mutane, kuma ana cewa sai da wasu baƙi suka zo suka zazzaga tukuna. Ku dubi yadda muke, mutum biyu fuska a rufe, hular kwano, baƙin tabarau, ga waya a gaba tana zana hanya. Ni da na yi yawon duniya ban tsaya na kalli kanmu da idon mutumin ƙauyen ba.

A ƙasan wata gangara 'yan sa-kai sun gitta gungume, su wajen goma, da gorori da adduna da bindigogin gida. Suka ɗaga hannu. Na matsa birki na sa ƙafa ƙasa, shi ke nan na tsaya. Garba ma ya matsa, na ga keken ya rage gudu, amma babu dutse, ni kuma an riga an riƙe ni, rigarsa ta maƙale a sirdi. Da ya ji zai kife sai ya saki birkin ya kauce ta gefen gungumen ya wuce, yana cewa ku riƙe ni, ku riƙe ni. Cikin takunkumi ba wanda ya ji sai ni. Wani ya ce infoma ne zai gudu. Gorar farko a gadon baya ta same shi, ta biyu a ka, hular ta tsage, ya faɗa rami keken a kansa, suka bi shi ciki suna duka. Ni aka kwaɗa min gefen adda a kafaɗa, aka kai ni ƙasa, wani ya ciro wayar ya ga jan layi tun daga Gusau har bakin garinsu, ya ɗaga yana nuna wa sauran. Na taɓa ganin an taru a kan ɓarawo a kasuwar Kumasi, na gani a Omdurman, duk daga gefe nake kallo ina cewa Allah ya kyauta. Daga ƙasa ba ka ganin fuska, ƙafafu kawai kake gani.

Abin da ya cece mu, wani ya fizge takunkumina don ya mare ni da kyau. Sai na ji an ce ku tsaya, Baba Injiniya ne, shi ya haƙa muna rijiya. Lawali ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu, mahaifinsa ya yi shekaru yana noma min gonar nan. Shi ne kuma ya kai wa Garba gorar ka, da idona na gani. Ƙanensa na cikin waɗanda aka kashe. Ya yar da gorar ya shiga ramin ya ɗauko Garba a kafaɗa yana kuka, su suka nemo mota suka kawo mu har bakin asibiti a Gusau, da kekunan a baya.

A cikin motar Garba yana magana. Ya damƙe hannuna ya ce, Bature faɗuwa na yi, ka ji ko, ka san Nasiru. Na san shi kuwa. Harkar manyan motoci yake yi, yana da ƙarti a tasha da ke jiran ya ɗaga yatsa, ya taɓa karya hannun ɗan acaɓa don ya bangaji babansa a kasuwa. Na ce na ji, na yi alkawari.

Da Nasiru ya iso ya ga haƙarƙari biyu a karye da ƙugu a tsage, ya tsare ni a baranda yana tambaya wace irin faɗuwa ce wannan, mutum da ke tafiya kamar hawainiya. Ya tambaya ya sake tambaya, idonsa ja. Sai bakina ya ce birki ne ya ƙi a gangara. Garba bai ce in faɗi haka ba, faɗuwa kawai ya ce. Ni na ƙara birki don a bar ni in zauna.

Washegari jini ya taru wa Garba a ka, magana ta ɗauke, har yau ba ta dawo ba. A ranar Nasiru ya ɗebi mutum huɗu suka je rumfar Isiya da baƙin keken. Ban je ba, maƙwabtan rumfar suka ba ni labari. Sun jefa masa keken a ƙirji, suka doke shi da famfon iska da sarƙar keke, haƙora biyu suka fita, suka taka hannunsa na dama har yatsu uku suka karye, suka tara tayoyinsa a bakin titi suka cinna wuta. Yana ta cewa a gwada birkin, ba wanda ya saurare shi. Yanzu magana ta zaga gari cewa Isiya na sayar wa tsofaffi keken da ba birki, ko faci ba a kai masa, kuma da wane hannun ma zai yi.

Shekaranjiya Isiya ya zo gidana, hannu a ɗaure, yana tura baƙin keken da hagu. Ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, ya ce Alhaji ba faɗa na zo ba, matsa da hannunka. Na matsa. Tayar ta tsaya cak. Ya ce sau biyu na ce ya fi ƙarfinshi, kana tsaye. Ya nuna min marfin tayar baya inda ya lotsa wuri uku, ya ce shekara talatin ina gyaran keken da ya faɗi, ƙasa ba ta yin haka, bugun sanda ne. Na ce zan ɗauki nauyin maganinsa, ya ce ba magani ya kawo shi ba, sunansa yake so a mayar masa. Ya jingine keken a zaurena ya tafi. Yana nan, duk fitar da zan yi sai na wuce shi.

Lawali ma ya zo. Ya ce in na ce ya kai kansa ga hukuma zai kai, in na ce ya je ya durƙusa gaban Nasiru zai je. Na ce ya koma gida tukuna. Ni na san in aka kama shi ba shi kaɗai za a kwasa ba, duk 'yan sa-kan za a tafi da su, garin ya zauna ba mai tsaro, ɓarayin kuma ba nisa suka yi ba. In kuwa Nasiru ya ji suna, ba hukuma zai nufa ba, mota zai cika, mutanen can kuma da bindigogi a hannu da gawarwakin da ba su gama kuka a kansu ba. Ba na kare abin da suka yi, sun doki tsoho har ya daina motsi ba su tambaye shi ko sunansa ba. Amma Isiya bai doki kowa ba, shi kaɗai ne ma ya faɗi gaskiya tun ranar farko.

Mai unguwa ya kira zaman sulhu ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, tsakanin Nasiru da masu sayar da kekuna, don su ma sun fara maganar ramuwa. Shaida ɗaya ake da ita, ni. Za a tambaye ni birki ya ƙi ko bai ƙi ba, Isiya na zaune, Nasiru na zaune. In na ce bai ƙi ba, tambaya ta gaba ita ce to me ya faru, kuma Nasiru ba zai tashi ba sai ya ji.

Jiya na je wajen Garba, aka bar ni na shiga ni kaɗai da takunkumi. Na sunkuya na gaya masa komai, har abin da aka yi wa Isiya, na ce Sakatare ka sake ni daga alkawarin nan. Ya dube ni, hawaye ya gangaro ta gefe ɗaya, ya matse min yatsu. Shekara sittin da wani abu na san mutumin nan, amma ban san ko e yake nufi ko a'a ba.

To jama'a me zan yi? In faɗi gaskiya duka a zaman, in bar abin da zai biyo baya ga Allah? In wanke Isiya kawai in ce ƙarya na yi, in ƙi faɗin sauran ko Nasiru zai kai min hannu? Ko akwai wanda ya kamata in fara gani kafin ranar, wanda yaron nan zai ji maganarsa? Malamai da ke cikin zauren nan ku gaya min matsayin alkawarin da aka yi wa wanda ba ya iya magana, in riƙe shi yana cutar da wani. Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma ya haɗa da shawara. Yau Laraba.