Jar Saniyarka da Ciyawar Gabas

Da sunan Allah. Daga ƙanwarka Adisa a Sabonjida, Tamale, zuwa ga Yaya Salifu a Kumasi.

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, da ƙafar nan? Ina Yaya Memuna da yara? Mu lafiya, alhamdu lillahi, gari ya lafa tun bayan bikin 'yancin kai.

Maganar jar saniyarka ce. Bana dattawa sun ƙulla ciyawa a gabashin tudun bayan Kasalgu, alamar kada dabbar kowa ta shiga sai ciyawar ta zubar da iri, don bara an cinye wurin har ƙasa. Ran Talata na kai wa makiyayinmu abinci, ya tafi rafi, sai na tarar da saniyar can ciki tana ci. Ba wanda ya gani sai ni.

Yaya, kwana biyu ina salla hankalina ba ya wurin. Ciyawar nan ta kowa ce. Na je na faɗa wa dattawa. Tsoho Alasan, babban dattijon, ya ce, "Adisa, da kin yi shiru, wa zai sani?" Na ce, "Baba, ai ni na sani." Ya yi dariya, amma ya ce saniyar ba za ta hau tudu ba har wata guda.

Ga ta ɗaure a gida da tsohon ciki, ina ba ta harawar gyaɗa. Ta ɗan rame, ba zan ɓoye maka ba. Dabbarka ce, ban shawarce ka ba, ka yafe mini.

Ka gai da Inna Fati, ku sa mu a addu'a. Jiya na leƙa gabas, ciyawa ta kai gwiwa. In Allah ya sauke saniyar lafiya, can ɗan maraƙinka zai fara kiwo.