Tsohon da Ke Kwana a Falon Marijke

Anti Annelies, don Allah ki taimaka mini, kaina ya kulle.

Ni ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce a wata ƙaramar hukuma kusa da birnin Groningen. Da can aikina in shiga gida, a kawo mini kofi, in saurari damuwar mutane. Tun da aka sauya dokar tallafi aka mai da mu 'yan sa ido: wa ke kwana a gidan mai karɓar tallafi, buroshin wa ke banɗaki. Wallahi kunyar kaina nake ji.

Akwai Marijke, bazawara ce mai ciwon baya, da tallafin nan take rayuwa. Ni na tsaya mata lokacin da mijinta ya gudu. Makon jiya muka je gidanta da abokin aikina, sai ga silifas ɗin namiji, ga reza. Ko ɓoyewa ba ta yi ba, baiwar Allah, don ta yarda da ni. Na maƙwabcinta ne, tsoho Wiebe, da ya faɗo daga matakala bayan rasuwar matarsa. Ita ke dafa masa dankali, a falonta yake kwana. A doka kuwa sun zama gida ɗaya, za a yanke mata tallafi. In na yi shiru, aikina ya tafi. In na faɗa, ina za ta sa kanta? Wai don taimako na shiga aikin nan fa!

Wadda ta rasa mafita

Amsar Anti Annelies: 'Yar'uwa, sannu. Ba zan yaudare ki ba, babu hanya mai daɗi a nan. Hukuma na da hujjarta, akwai masu cutar tsarin. Amma dokar ba ta bambance macuci da mai tausayi ba, kuma ba ke za ki gyara ta ba.

Shirunki ba zai ceci Marijke ba, tunda abokin aikinki ya gani. Gara rahoton ya fito daga hannunki. Ki rubuta cewa jinya ce, ki nemi shaidar likitan Wiebe, ki haɗa Marijke da lauyan kyauta. Na sha ganin irin wannan, kaɗan ne ke yin nasara.

Sannan ki je ki faɗa mata da bakinki. Ƙila ta mai da Wiebe gidansa ya zauna shi kaɗai, kuma da wuya ta sake faɗa miki gaskiya. Ki je duk da haka. Allah ya ba ki juriya, ya dubi su biyun.